Gayyar Gizo da Cinya Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To ku matso kusa da wuta. Kai Sallau, bar jan zanen Barira, in ba haka ba na kama bakina.

Wata shekara damina ta yi kyau, ciyawa ta taso wa gonar Gizo har ta kai wa gero wuya. Matarsa Ƙoƙi ta duba, ta ga in ba a nome ta cikin makon nan ba, bana rumbunsu sai ɓeraye su yi wasan ɓuya a ciki. Sai ta ce ya je ya kira gayya. Kun dai san gayya: jama'a su taru su nome maka gona, kai kuma ka ciyar da su da rana. In sun ji daɗin abinci su ƙarasa aiki, in ba su ji ba kowa ya saɓa fartanyarsa ya yi gida.

Gizo ya shiga kasuwa. Maimakon ya ce a zo a sha kunu, sai bakinsa ya kwashe shi, ya ce duk wanda ya zo gayyarsa sai ya ci gasasshen nama. Zaki ya ji, Kura ta ji, Dila ya ji, har Tunku da 'ya'yansa. Alhali duk gidan Gizo ba abin yankawa sai wani ramammen bunsuru guda.

Ran Ƙoƙi ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta tsaya faɗa ba. Ta sa aka yanka bunsurun ana gobe gayya, ta rataye naman a rumfa, ta ce komai ƙanƙantarsa da shi za ta fita kunya.

Gizo kuwa ya ce da tsamin bakin nan nasa, “Ƙoƙi, ki bayi kawai ki gani. Yanzu zan mayay da bunsuyun nan ƙaton sa.”

Ya saɓi ƙafafun gaba ya kai wa Kura, wai ta ci ta ji ƙarfi ta kamo masa maraƙi. Kura ta lamushe, ta lashe baki, ta ce ai maraƙan bana gudu gare su. Gizo ya dawo hannu wofi.

Ya saɓi haƙarƙari ya kai wa Kada a bakin kogi, wai ya koro masa kifi gaɓa. Kada ya haɗiye, ya nutse, ko kumfa bai bari ba. Gizo ya dawo hannu wofi.

Ya saɓi cinya guda da wuya ya kai wa Shaho, wai ya suro masa zabi. Shaho ya ɗauke ya yi sama, Gizo ya tsaya yana ɗaga kai har wuyansa ya ƙage. Da ya dawo ya miƙa hannu zai ɗauki cinyar da ta rage, sai ya tarar Ƙoƙi na zaune a kanta da muciya a hannu.

Ta ce, “Malam, taɓa ka gani.”

Bai taɓa ba.

Da gari ya waye Ƙoƙi ta je ta tsaya a bakin gona. Duk wanda ya iso, ta gaishe shi, ta roƙe shi ya karyo mata tsinke guda daga jikin gezar da ke kan iyaka, ta ce a kan tsinken za a ba shi namansa. Zaki ya karyo nasa. Tunku da 'ya'yansa suka karyo nasu. Kura, da yake ba ta da ta ido, har da ita aka zo gayyar, ta jawo wani reshe kamar taɓarya. Ƙoƙi ta karɓa ta gode, ta zauna ta fiƙe shi har ya dawo daidai da na kowa.

Ta ce wa Gizo shi ma ya karyo nasa ya shiga noma tare da jama'a. Gizo ya hura hanci ya ce ina aka taɓa ganin mai gida yana yawon karyar tsinke. Ya tafi gindin tsamiya ya miƙe, wai yana duba aiki.

Barira, kin fara gyangyaɗi? Tashi, yanzu ne za a gasa naman.

Ƙoƙi ta wasa wuƙa, ta yanka cinyar nan siriri siriri, har kana hango rana ta cikin yankan. Ta wanke hanji da tumbi, ta yanyanka hanta da ƙoda, ba ta zubar da komai ba. Ta daka ƙuli-ƙulin da ya rage mata bayan ta matse man gyaɗa, ta haɗa da barkono da citta da gishiri. Kowane tsinke ta soka masa tsoka, ta bi da kitse, ta bi da kayan ciki, sannan ta turbuɗa shi cikin garin ƙuli har ya yi kauri. Ta tara toka ta yi tudu, ta hura wuta a tsakiya, ta kafa tsinkayen kewaye da wutar, tana yayyafa mai tana juyawa. Hayaƙi ya cika mata ido, hannunta ya ƙone, ba ta tashi ba.

Iska ta kwashi ƙamshi ta kai gona. Masu noma suka ji, fartanya ta ƙara sauri.

Da rana ta take, Ƙoƙi ta fara kai musu dambu da kunun tsamiya, ta bari sai da kowa ya yi nak. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta danƙa wa kowa tsinkensa a hannu, da yankan albasa.

Kura ta juya nata, ta ce wannan ai ko haƙorinta ba zai cika ba, ita tafiya za ta yi. Ga shi kuwa rabin gona na nan ba a taɓa ba, in Kura ta tashi wasu ma za su bi ta.

Sai Tunku ya share wa ɗansa mai a baki, ya ce, “Ranka ya daɗe Zaki, tunda nake zuwa gayya ban taɓa ɗanɗana nama ba. Akan zuba a akushi ɗaya, kafin mu ƙanana mu sa hannu Kura ta share. Yau har autana ya ci nasa.”

Zaki ya dubi Kura ya ce, “Ɗauki fartanyarki.”

Kura ta ɗauka. Kafin la'asar ba ciyawa ko ɗaya a gonar, gero ya tsaya yana kaɗawa. Ƙoƙi ta zauna a kan kunya ta yi ajiyar zuciya, daɗi ya kama ta har da ƙwalla.

Can sai ga Gizo ya farka yana miƙa, ya nufi wurin wuta yana tambayar ina rabon mai gida. Ƙoƙi ta ce kowa a kan tsinkensa ya ci, ya kawo nasa ta sa masa. Gizo ya ruga ya karyo tsinke har da ganye, ya dawo yana haki. Ƙoƙi ta kife masa kwanon nama ya gani, ba komai sai ɗan garin ƙuli. A nan Gizo ya tsuguna yana dangwala tsinke a gari yana lasa, barkono na sa shi atishawa.

Tun daga ranar mahauta suke yanka tsire siriri su kafa shi kewaye da wuta. Ku kuma ku riƙe wannan: ɗan abin da ke hannunka, in ka zauna ka yi masa dabara ka raba shi daidai, zai fitar da kai kunya. Mai kwasar nasa yana kai wa wasu don kwaɗayin ƙari, lasar tsinke ce ƙarshensa.

Ƙungurus kan ɗan kusu. Sallau, rufe bakinka, yawu na zuba, ba tsire a gidan nan yau.