Wa Nessa Za Ta Miƙa wa Almakashi?

To ku matso kusa ku ji wannan, in na gama ku ne alƙalai.

A ƙasar Ireland akwai wani ɗan tsibiri can cikin teku, duk masunta ne a ciki. Damuwarsu ɗaya, ba su da tashar jirgin ruwa ta kirki. In teku ta yi fushi, ko mace ce ke naƙuda sai dai a zuba mata ido, ba halin kai ta asibiti a tsallaken teku. Shi ya sa mutane ke ta kulle gidajensu suna ƙaura.

Kansilarsu wata mata ce, Nessa Gilvarry. Ta kai kuka ƙaramar hukuma har ta gaji, kullum a ce aikin ya fi ƙarfinsu, sai gwamnatin ƙasa. Sai ta ce to, za ta nemi kujerar majalisa a Dublin, babban birnin ƙasar. Amma ƙuri'un tsibiri ba za su kai ta ko'ina ba, mutanen tsallake kuma, da suke mazaɓa ɗaya da su, ba su san ta ba.

A can, ɗan siyasar da ba ya zuwa gaisuwar mutuwa bai fara ba. Ita kuwa Nessa kunya take ji ta shiga makokin wanda ba ta sani ba. Wata tsohuwar ungozoma, Bridie, ita ta kama hannunta. Duk inda aka yi rashi a tsallake sai ta ja ta, tun a hanya tana gaya mata wane ne mamacin da wanda za ta fara gaisarwa. A bakin ƙofa sai ta ce, "'Yar nan, kika ambaci zaɓe a gidan nan sai na tsinke miki kunne. Ki riƙe hannunsu, ki sha shayinsu ko ya huce, ki wanke kofinki." A haka sunan Nessa ya shiga gidajen da takardar kamfe ba ta shiga.

Na biyun da ya taimake ta abokin faɗanta ne, Cormac Tierney. Tare suka yi kansila, ba su taɓa zama a tashi lafiya ba, har kifin gwangwani yake kiranta. Shi ma ya fito neman kujerar. To su zaɓensu ba dangwale ba ne, lamba ake rubutawa: wanda ka fi so ɗaya, mai bi masa biyu. In na farkonka ya faɗi, ƙuri'arka ta koma kan na biyu. Ana gab da zaɓe Cormac ya tara mutanensa ya ce su ba shi ɗaya, su ba Nessa biyu. 'Yan jam'iyyarsa suka yi masa ca, har suka daina gaishe shi. Da Nessa ta je godiya, ko kujera bai ba ta ba. Ya ce, "Ba don ke na yi ba, har gobe ba ki iya magana a taro ba. Ƙanwata ce ke aure a tsibirinku."

Ran zaɓe kuma teku ta tashi. An gama jefa ƙuri'a a tsibiri, amma a tsallake ake ƙirga, kuma duk masu jirgi sun ce ba da su ba. Yayanta Malachy, wanda ko taronta bai taɓa leƙawa ba, ya kunce jirgin da yake ci da iyalinsa, ya ɗauki malamin zaɓe da ɗan sanda da akwatin. Suka isa a jiƙe sharkaf, jirgin ya bugi dutse bai sake moruwa ba. Akwatin ko ɗigon ruwa bai sha ba.

Aka yi ƙirga, Nessa na baya kaɗan. Cormac ya faɗi, ƙuri'unsa suka dawo kanta, ta haye da ƙyar. Ta je Dublin ta yi ta naci, har ta zama ƙaramar minista, aka gina tashar. Gidajen da aka kulle suka fara buɗewa.

Ranar buɗe tasha aka ɗaura ƙyalle, aka miƙa mata almakashi. Ta ce ba ita ya kamata ta yanke ba. Ta waiwaya, ga Bridie a keken guragu, ga Malachy da hularsa a hannu, ga Cormac can baya yana yi kamar wucewa ya zo yi. Idonta ya cika da hawaye, kowannensu ta kalla sai ta ji nauyin sauran biyun. Almakashin kuwa ɗaya ne, jama'a na jira.

To ku da kuka ji, tsakanin wadda ta shigar da ita gidajen mutane, da wanda ya ɓata da nasa saboda ita, da wanda ya sa ransa da jirginsa a teku, wa ya kamata Nessa ta miƙa wa?