Karyar da Ta Amsa Ƙaho

Ku gyara zama, ga wata tatsuniya nan na kawo muku, kuma ba zan ɗauke ta ba sai kun raba gardamar da ke cikinta.

A ƙauyen Rafin Gauraka akwai fadama inda gauraki ke sauka su yi ƙwai kowace damina. Mai gari Barmo ya taso ya tarar ba a taɓa su. Tun yana yaro, kukansu ne ke gaya masa ruwa ya zauna. Da tsufa ya zo masa sai tsuntsayen suka yi ta raguwa, har ya zama in ya ji kukan guda ɗaya yakan ajiye abin da ke hannunsa ya saurara.

Wata shekara 'yan farauta suka zo da rani, suka kaɗe daji suka tafi, suka bar wata jar karya mai yagaggen kunne. Yunwa ta mai da ita 'yar daji. Da ruwa ya sauka ta gano fadamar, ta shiga fasa ƙwai tana cinye 'yan tsaki. Barmo ya je da ƙafarsa, ya ga ɓawon ƙwai da gashi warwatse cikin ciyawa. Ya tara mutane ya ce, "Ko wani ya ɗauki karyar nan ya riƙe, laifinta ya koma wuyansa, ko a harbe ta. Wa zai ɗauka?" Kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya ce kare ba ya shiga gidansa, wani ya ce ai ta riga ta lalace. Barmo ya ba da umarni a harbe ta, amma ransa bai so ba.

To, akwai wasu 'yan'uwa uku a garin, uwa ɗaya uba ɗaya: Korau, da Tabawa, da autansu Nomau.

Korau maharbi ne, shi aka ɗora wa aikin. Ya bi sawu ya same ta a bakin fadama. Har ya ɗaga bindiga sai ya hangi tabon igiya a wuyanta. Ya sauke, ya ciro ƙahon farauta ya busa. Karyar ta zo tana jan ciki tana kaɗa wutsiya, ta kwanta a ƙafarsa. A wurin maharban garin, karen da ya amsa ƙaho ba a kashe shi. Ya jawo ta gaban mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, ta amsa. Hannuna ba zai iya ba." Barmo ya ce a ɗaure ta, amma ranar da ta sake taɓa tsuntsu babu sauran roƙo.

Karyar ta ƙi ci, ta yi ta kuka tana tauna igiya, saura kaɗan ta tsinke ta koma fadama. Tabawa ta zo ta dube ta ta ce, "Yaya, kai da ka san sawun kowace dabba, ba ka ga nononta ba? Shayarwa take yi!" Ta sa mata doguwar igiya ta bi ta har wani tsohon ramin beguwa, ta kwaso 'yan kwikwiyo a kwando. Ta riƙa dama mata dusa da tsala har haƙarƙarinta ya rufe. Da 'ya'yan suka yi wayo ta raba su ga makiyaya.

Duk da haka, in karyar ta ga tsuntsu sai kunnenta ya miƙe. Nomau mai kiwon zabi ne. Ya riƙa zaunar da ita cikin 'yan zabinsa, hannunsa a wuyanta. In ta zabura ya tsawata, in ta kwanta ya ba ta ƙanzo. Mutane suka yi ta dariya suna tambayarsa ko miya yake haɗa mata. Ta ci masa wasu, bai fasa ba. Da damina ta zagayo ya kai ta fadama. Ba ta kalli sheƙa ba. Sai ga shi tana korar guza da dila, waɗanda ashe sun daɗe suna shan ƙwan tun kafin zuwanta, ba wanda ya lura.

A kakar nan Barmo ya tsaya bakin fadama ya ga gauraki suna rawa, 'ya'yansu na bin su. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Washegari 'yan'uwan suka zo fada suna jayayya. Korau ya ce, "Da na danna kunamar bindiga, da wa za ku ciyar?" Tabawa ta ce, "Yaya, da igiyarka ta tsinke, da an harbe ta a ranar." Nomau ya ce, "Ku kun ƙosar da ɓarauniya ne kawai. Ni na mai da ita mai gadi." Kowa gidansa yake so ta zauna. Barmo ya tuna ranar da ya nemi mutum ɗaya ya rasa. Ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa, ga ta nan tana barci.

To, ku da kuka ji, gidan wa ya kamata ta shiga?