Kwalbar Da Inna Ta Ƙi Rufewa

Akwai wata dattijuwa mai aikin wanke-wanke a ɗakin gwajin kimiyya na wata makaranta. Yara na kiranta Inna Mai Kwalabe. Shekararta ashirin a ɗakin nan. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma kunnenta ya sha darasi fiye da na kowane ɗalibi.

Sai aka kawo sabon malami, a kan za a gwada shi zango ɗaya. Kafin sati ya zagayo yara sun laƙa masa suna Malam Na-Sani, kuma wallahi sunan ya zauna masa daram.

Wata rana ya haɗa ruwan farar ƙasa, ya tace shi garau a kwalba mai faɗin baki, ya bar ta a buɗe. Inna ta ɗauki murfi ta ce, "Malam, bari in rufe, iska na ɓata shi."

Ya fizge murfin a gaban aji. "Inna, ke da soso aka san ki. Yaushe tsintsiya ta fara koyar da kimiyya?"

Yara suka tuntsire da dariya, har da jikarta da ke ajin. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Bai tsaya nan ba. Ya rubuta wa shugabar makaranta cewa a sallami tsohuwar, wai tana taɓa abin da ba ta sani ba. Shugaba ta ce za ta yanke hukunci bayan hutun mako guda, ranar da za ta zo duba darasinsa. Kafin nan, kada Inna ta taɓa komai sai abin wanki.

Ranar tafiya hutu Inna ta zo kulle ɗakin. Ga kwalba a buɗe, ga murfi a gefe. Hannunta ya kai, sai dariyar nan ta dawo mata. Ta janye hannun, ta ce a ranta, "Ai an ce kar in taɓa." Ta ja ƙofa. Ni kam ba zan ce ta kyauta ba, amma na san zafin da ke cinta.

Ranar darasi shugaba ta zauna a baya. Malam ya kwashe wani farin ɓawo da ya gani a saman ruwan, bai ko tambayi kansa daga ina ya fito ba. Ya tsiyaya a kofin gilashi, ya ce, "Numfashin da muke fitarwa yana ɗauke da iskar kabon. In ta shiga ruwan nan, zai koma fari kamar madara."

Ya sa tsinken shan lemo ya hura. Shiru. Ya sake hurawa har jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya yi ja. Ruwa na nan garau.

Ya nuna Inna. "Ita ce ta zuba ruwan famfo a ciki."

"Ban taɓa ba, Malam, kai ka sa aka hana ni," in ji Inna. Ta dubi yara. "Iskar da ke bakinku, akwai irinta kaɗan a cikin ɗakin nan. Sati guda tana shiga kwalbar, tana haɗuwa da farar ƙasar, tana zama alli. Ɓawon da Malam ya zubar ke nan. Ruwan ya gama aikinsa tun muna hutu."

Shugaba ta ba ta izini, ta buɗe kabad ta ɗauko tsohuwar kwalbar ruwan farar ƙasa da malamin baya ya bari a toshe. Ta kira jikarta ta hura. Kafin a ƙirga ashirin ruwan ya yi fari fat. Aji ya ɗauki tafi.

Shugaba ta ciro takardar korar da Malam ya rubuta, ta miƙa masa. "Yaga ta da hannunka. In kana son zama a nan, zango mai zuwa Inna ce za ta duba kayanka kafin kowane darasi."

Ya yaga. Inna ta tsaya ta kalle shi har ya gama, ba ta sunkuyar da kai ba.

Darasi: Kada ka wulaƙanta mutum don aikinsa ƙarami ne. Ilimi na shiga ta kunne da hannu, ba ta takarda kaɗai ba, kuma wanda ka kunyata yau zai iya zuba ido ranar da kake buƙatarsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman iyaye da malamai.