Tsuntsuwar da Ta Ji Sunanta Sau Biyu

Dalilin da ya sa gwara ba ta cin tsaba a natse, sai ta tsinci ɗaya ta waiga, ta yi tsalle ta sake waigawa, ba rashin kunya ba ne kamar yadda kuke cewa. Kai Ɗanjuma, ajiye dutsen nan! Tun safe kake jifa, ko gashinta ba ka taɓa ba, sai randata da ka kusa fasawa. Ku matso ku ji.

A da can gwara ba ta san hanyar gari ba. A daji take, tana cin 'ya'yan ciyawa a tsanake, babu mai korarta.

To, a wani ƙauye akwai wata tsohuwa ana ce mata Tabawa. 'Ya'yanta duk sun watse, sai autarta Yalwa, ita ma aure ya kai ta gari mai nisa. Ranar tafiya Yalwa ta bar mata tantabaru biyu, mace da namiji, a cikin wani tsohon tulu da aka kafa a jikin katanga.

"Inna, ki riƙe min su amana," in ji ta. "Da kaka zan zo ganin gida, ina so in tarar da su."

Ba a yi wata biyu ba shaho ya fyauce namijin. Tun daga ranar macen ta shige tulu ta daina ci. Hankalin Tabawa ya tashi ƙwarai. Ɗaya ya riga ya tafi, in wannan ma ta mutu, da wane ido za ta dubi Yalwa? Ga shi lokacin bazara ne, rumbu ya yi ƙasa. Duk da haka kullum sai ta ɗebi gero cikin ɗan abin da ya rage mata, ta zuba a faifai ta ajiye a gindin tulun.

Wata safiya maƙwabciyarta Kande ta shigo aron taɓarya ta gani. Kande kuwa ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

"Haba Inna Tabawa! Ke da tukunyarki ba ta hau murhu jiya ba, kike zuba wa tsuntsuwa gero?"

Tabawa ta ce, "Gwara ta ci, ni in kwana da yunwa."

Yanzu ku buɗe kunne, nan ne maganar take. Kun san gwara biyu ce a bakinmu. Akwai ta tsuntsuwa, akwai kuma wadda muke faɗa in mun ce gwara kaza da kaza. Mu da muka sha Hausa a nono ba ma haɗa su. Amma a ranar wata gwara ta ɓata hanya ta sauka a kan katangar Tabawa tana hutawa, ita kuwa 'yar daji ce, Hausarta ba ta nuna ba. Abin da ya shiga kunnenta kawai shi ne: gwara ta ci.

Sai ta tashi fir, ba ta tsaya ba sai daji.

"Jama'a, an kira sunana a gari! Wata baiwar Allah ta zuba gero ta ce gwara ta ci, har ta ce ita za ta kwana da yunwa saboda mu."

Washegari gwara suka sauko gidan Tabawa kamar an zazzage buhu. Kafin ta ɗaura ɗankwali, faifai ya zama fes.

Wayyo Tabawa! Babu dabarar da ba ta yi ba. Ta jera sakaina a igiya ta ɗaura a tsakar gida, iska na kaɗawa tana ƙwal-ƙwal. Kwana ɗaya suka ji tsoro, a na biyu suka hau igiyar suna lilo. Ta kafa kara ta yafa masa tsohon zaninta ya zama mutum-mutumi, suka yi masa kashi a ka. Ta kifa kwando a kan faifan ta huda ƙofa daidai tantabara, ta manta duk inda tantabara ta shiga gwara goma za su shiga. Ƙarshe ta zauna da kanta da tsumagiya tana kora, ga ciwon gwiwa, ga rana. Su kuwa gani suke wasa take yi da baƙinta.

Tantabara tana ta ramewa. In Tabawa ta sa hannu cikin tulu, ƙashin ƙirji take ji kamar bakin wuƙa.

Rana ta bakwai Kande ta leƙa tulun, ta riƙe haɓa.

"Inna, wannan ba za ta kai gobe ba. Gwara a yanka ta, kada ta zama mushe."

Kun ji ko? Tsakar gidan cike yake da gwara a lokacin. Gaba ɗaya suka ɗaga kai. Gwara, a yanka ta! Ai kafin Kande ta rufe baki babu ko ɗaya, sai ƙura.

Kande ta je ta kirawo mijinta Malam Tanko, ya shigo da sallama da wuƙarsa. Tabawa ta tare bakin tulu.

"Malam, don Allah ka ba ni zuwa la'asar. Ga masu cinye mata sun gudu. In ba ta ci ba har la'asar, na haƙura."

"To Inna, Allah ya sa ta ci," in ji shi. Ya zauna a gindin bango yana wasa wuƙa a kan dutse.

Tabawa ta kakkaɓe ƙasan ƙwarya, geron da ya rage bai cika tafin hannu ba, ta zuba a faifai. Gida ya yi tsit, ba ka jin komai sai karzar wuƙa. Azahar ta yi, tantabara ba ta leƙo ba. Inuwar katanga ta fara tsawo, ta rufe faifan, ta doshi bakin ɗaki. Tabawa ta dubi inuwa ta dubi tulu. A nan ta tuna wani abu: duk kwanakin nan, in dai tantabarar ta ɗan miƙo wuya, to lokacin da gwara ke hayaniya ne. Yau da aka yi shiru ko motsi ba ta yi ba. Ashe tantabarar ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba.

Can sai ga gwara guda a kan katanga, waccan ta farko. Yunwa ta dawo da ita, don bakinta ya riga ya saba da gero. Ta dubi faifai, ta dubi wuƙar Malam Tanko, ta ce da ƙaramar murya, "In ci? In ci?"

Kande ta ɗaga hannu za ta kora, Tabawa ta damƙe mata zani. Tsoro take ko tari aka yi tsuntsuwar za ta tashi.

Gwara ta diro. Ta tsinci ɗaya, ta waiga. Ta yi tsalle, ta sake tsinta, ta sake waigawa. Sai ga kan tantabara ya leƙo daga tulu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sauko da ƙyar tana tangaɗi, ta tsaya kusa da gwara ta sa baki.

Daidai nan aka kira la'asar. Malam Tanko ya mayar da wuƙa kube ya ce, "Inna, kin ci amanarki da kyau," ya gyara, "ina nufin kin riƙe ta." Tabawa tana dariya tana share hawaye da bakin zani.

Da kaka Yalwa ta zo ta tarar da tantabararta ta yi ƙiba. Ita kuwa gwara, babu wanda ya tuna ya zaunar da ita ya ce mata ba da ita ake ba, a maganar farko da ta biyu duka.

Shi ya sa har yau, duk inda aka watsa wa tantabaru tsaba sai ta zo, komai korar da za ku yi, don ta ji da kunnenta an ce ta ci. Kuma ba za ta taɓa ci a natse ba, don ta ji da kunnenta an ce a yanka ta. Ga ta can a kan katangarmu, ku yi shiru ku saurara. Tambayar nan take yi tun zamanin Tabawa, kuma har yanzu ba a ba ta amsa ba.