Talo-talo da Tarin Ƙasar Waje

An yi wani Talo-talo a bakin wani tafki, wanda ba ya ganin kowa da daraja sai wanda ya yawata ƙasashe. Shi kansa ko tsallaken tafkin bai taɓa zuwa ba. Mai tsaron mashigar wurin Zabuwa ce, sarkin tambaya.

Farkon damina sai ga Shamuwa ta sauka daga nesa, ido ya yi ja, tana tari ƙasa-ƙasa.

"Sannu da hanya," in ji Zabuwa. "Ta ina kika biyo? A wane ruwa kika sha?"

"Na yada zango a wani tafki can gabas," in ji Shamuwa. "Na dai ga agwagin wurin suna ta faɗuwa, amma ni gajiya ce kawai."

"To, ki zauna tsallake tukuna, mu riƙa aje miki abinci, har mu ga ƙarshen tarin nan."

Talo-talo ya baza wutsiya, ya tako. "Ke 'yar ƙauye, wadda ta ga duniya za ki tsare da tambaya? Tarin ƙasar waje ai ba irin naku ba ne."

"Malam Talo-talo, akwai 'yan tsaki a garin nan."

"Matsa ki ba manya wuri."

Ya ja Shamuwa gidansa, suka sha ruwa a kasko ɗaya, a ƙofar gida don kowa ya gani. Har ya koyi irin tarinta, yana yi cikin taro don a san da wa yake hulɗa.

Ba a daɗe ba ya daina kwaikwayo, na gaske ya kama shi. Jan wuyan da yake taƙama da shi ya yi baƙi, gashi ya zube. Kajin da suka ɗanɗani kaskonsa suka kwanta, 'ya'yansa kuwa ko ɗaya bai tashi ba.

Yana kwance ya hango Zabuwa can nesa. "Yaya, matso ki taimake ni," ya ce da ƙyar.

"Yau ni ce Yaya? Ga hatsi nan na aje, ka jawo. Mu 'yan ƙauye ba mu iya tarin manya ba."

Shamuwa dai ta warke, ta tashi zuwa wata ƙasar, ko sallama ba ta yi masa ba.

Darasin wannan labari shi ne, cuta tana tafiya tare da matafiyi, kuma ba ruwanta da girmansa. Tambayar baƙo inda ya biyo da killace shi in ba shi da lafiya ba wulaƙanci ba ne. Wanda ya raina haka don neman suna, gidansa cutar za ta fara shiga.