Huda Biyu a Motar Yaya

An yi wani mutum a nan Haɗejiya, ba zan faɗi sunansa ba don ina ƙaunarsa. Mai fara'a ne, mai zumunci, ba a jana'iza babu shi. Aibinsa ɗaya: yana son a kalle shi.

Yayansa Abdulganiyyu zai tafi aiki Fatakwal na wata shida. Ya damƙa masa makullin motarsa, ja, mai ƙofa biyu, irin ta tseren nan da cikinta ke kusan shafar ƙasa. Ya ce, "Auta, ga amana. Ka riƙa tayar da ita duk Juma'a, kada ka taɓa mata komai."

Wata biyu yana riƙe da amana. Sai ya gani a waya ana manna wa irin motar wasu 'yan tagogin baƙar roba a gefen bamba. Ado ne kawai, ba sa shigar da iska. Ya sayo, ya manna da gam da hannunsa. Kai, ta yi kyau! Ya fito da ita majalisa.

Wani abokinsa ya zura yatsa, ya ji a toshe, ya kwashe da dariya: "Ashe tagar ƙarya ce!"

Ya 'yan uwa, me dariya ke rage wa mutum? Amma bawan Allahn nan ko abinci ya kasa ci, ya ce sai ya huda tagogin sun zama na gaske. Matarsa Bushira ta ce, "Malam, ba taka ba ce fa. Ko bakanike ka kira mana." Ya ce shi ma yana da hannu. Ya sa wuƙa a garwashi ta yi ja, ya huda bamba hagu da dama. Wata roba ta tare shi daga ciki, ya yanke ya yar. Bai san ita ke kare bakin da inji ke shaƙar iska ba.

Damina ta yi nisa, kogi ya cika, aka sa ɗaurin aure a Kirikasamma. Wa zai hana shi zuwa da motar? Ruwa ya kwanta a hanya iya ƙauri, masu babur na lallaɓawa suna wucewa. Shi kuwa ya taka mai don a gani. Ruwa ya bi ta hudar nan, inji ya sha, ya buga. Shanu biyu ne suka jawo ta.

Yaya ya dawo. Ya zagaya motar, ya sa yatsa a hudar. Bai zage shi ba. Cewa ya yi, "Alhamdu lillahi da ba ka ji ciwo ba."

Ranar da zai koma Fatakwal, ƙanin na tsaye ya miƙo hannu zai karɓi makulli. Yaya ya dafa kafaɗarsa, ya wuce, ya ba maƙwabci makullin gidansa da na ɗakin shinkafa. Wallahi nan ƙanin ya fashe da kuka, babba da gemunsa.

Ya 'yan uwa, ana sake inji. Yarda fa? Son a gani ne ya ja shi ya ci amana, kuma abokin da ya yi dariyar har ya manta. Abin da aka ba ka ajiya, mayar da shi yadda ka karɓa.

Allah ya mayar masa da yardar ɗan uwansa. Allah ya kiyaye mu da riya da cin amana. Amin.