Koriyar Alamar da Ba Ta Jiran Amsa

Akwai wani matashi a Yendi mai suna Razak, mutum mai sanyin hali, irin wanda ko ka taka shi, shi zai riga ka ba da haƙuri. Yana da aboki a Salaga, Mutawakilu. Tare suka yi karatun kwamfuta a Tamale, ɗakinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Idan mahaifiyar Mutawakilu ta aiko da garin rogo da shito, wato soyayyen yajin nan, daga gida, tare suke cinyewa.

Mutawakilu gwani ne, wannan babu musu. Matsalarsa ɗaya ce: ya san shi gwani ne.

Wata shekara ƙungiyar 'yan kasuwar da ke lodin doya daga Salaga zuwa Bawku, su dawo da albasa, suka gaji da kiran direbobi a waya. Shugabarsu, Magajiya Zuweira, ta kira abokan nan biyu. Ta ce a yi musu shafi a intanet, wanda mutum zai shiga da wayarsa ya kama wa kayansa wuri a lori, direba kuma ya sami saƙo ya san inda zai tsaya.

Suka raba aikin. Mutawakilu ya ɗauki abin da ido ke gani a waya, wato shafin da madanninsa. Razak ya ɗauki saba, babbar kwamfutar da ke karɓar saƙon kowa ta tura wa direbobi.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, abin kamar aike ne. Idan ka danna, shafin yana tura saƙo zuwa saba, shi kuma ya ci gaba da harkarsa, ba ya sandarewa. Sai amsa ta dawo daga saba cewa an karɓa, sannan ya kamata ya nuna maka koriyar alama.

Aiki ya yi kyau, jama'a suka yi ta sa albarka. Mutawakilu kuwa duk inda ya zauna maganarsa ɗaya ce.

"Shafina ba ya sa kowa jira. Kana dannawa, kore ya fito."

Ku riƙe wannan maganar tasa, za mu dawo kanta.

Can a Pusiga, kusa da Bawku, dab da iyakar Togo, akwai wata mai sayar da albasa, Mma Lamisi. Ta danna, ta ga kore, ta sa aka kai buhunanta bakin titi. Ta wuni tana jira, lori bai zo ba. Da la'asar hadari ya haɗu, ruwan farko na shekara ya sauka a kan albasar. Duk wanda ya san albasa ya san ba ta shiri da ruwa.

Ta aika saƙon murya a guruf ɗin hira na ƙungiya a waya.

"Magajiya, ni na danna. Waya ya ba ni kore. Lori bai zo ba, albasa na duka ya jiƙe. Wannan wane irin aiki ne?"

Kafin a ce me, wasu ma suka fito da irin kukanta. Direbobi suka rantse sunayen nan ba su taɓa zuwa musu ba. Sai wani ya lura cewa wurin da ya kamata albasar Pusiga ta shiga, kayan 'yan Yendi ne suka cike shi a hanya. To, kun san bakin mutane. Nan take aka haɗa biyu da biyu: Razak ɗan Yendi ne, saba a hannunsa take, ashe goge sunayen mutane yake yi yana ba 'yan garinsu wuri.

Ana cikin haka Mutawakilu ya rubuta a guruf: "Ɓangarena lafiya lau. In kore ya fito, saƙo ya tafi. Abin da ya faru bayan nan, a tambayi mai saba."

Wallahi wannan ta fi komai yi wa Razak ciwo. Zargin baƙo daban, na wanda kuka ci kwano ɗaya daban.

Magajiya ta kira shi a waya.

"Ɗana, ni ban ce ka yi ba. Amma surutu ya yi yawa. Bayan kasuwar Salaga mai zuwa za mu yi taro. Ka zo da bayani. In babu, za mu karɓe aikinmu daga hannunka, kuma ba zan iya hana kowa faɗin dalili ba."

Razak ya gane abin da ke gabansa. Aiki kan tafi wani ya zo. Amma idan aka laƙa wa mutum sunan maci amana a tsakanin 'yan kasuwa, daga Salaga har Bawku babu mai sake ba shi ko ajiyar allura. Tuni ma mai kokon da yake saya a wajenta kullum ta fara miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba.

Bai shiga guruf ya yi cacar baki ba. Da kansa ya fara. Ya bincika saba ciki da waje, ko akwai inda take zubar da saƙo, bai ga komai ba. Ya gwada shafin a wayarsa a Yendi, komai ya tafi daidai. Sai ya kira abokinsa.

"Cale, abokina, mu zauna mu duba abin nan tare mana."

"Mu duba me? Na gwada a shagona har na gaji, yana aiki. Kai dai ka gyara sabarka."

Shagon nasa kuwa a gindin dogon ƙarfen netwok yake. A wurin ko wayar da ta sha ruwa sai ta yi gudu.

Razak ya sake sauraron muryoyin masu kuka ɗaya bayan ɗaya, sai ya lura da wani abu. Babu ɗan Salaga a cikinsu, babu na cikin garin Bawku. Duk mutanen bakin iyaka ne. Ya ce a ransa gani ya kori ji. Ya rataya jakarsa ya hau mota, ta Gushegu, ta Garu, har Bawku, daga nan ya shiga keke zuwa Pusiga.

Ya tarar da Mma Lamisi ta baza albasa a tabarma tana tsince ruɓaɓɓu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi sunansa. Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Kai ne Razak ɗin? Ka zo ka ga albasa na da ka kashe?"

"Mma, Allah ya mayar miki da alheri. Na zo ne ki nuna mini yadda kika yi ran nan. A nan inda kika tsaya, da wayar da kika yi amfani da ita."

Ta yi tsaki, amma ta ciro wayar daga haɓar zani. Ta buɗe shafin da ƙyar, ta sa suna, ta danna. Kore ya fito nan take.

"Ka gani? Haka ya yi."

Razak bai kalli koren ba, saman wayar ya kalla. Alamar data ta ɓace, sunan netwok ɗin ma ya canza.

"Mma, wannan fa?"

"Oo, wannan kullum ne. Waya yana tsallaka Togo, anjima ya dawo. Kowa a nan ya sani."

Razak ya matso kusa. Ya roƙe ta su sake. Da netwok ya dawo ya buɗe shafin, sannan ya kashe data gaba ɗaya da hannunsa, ya miƙa mata. Ta danna. Kore ya fito, raɗau, a wayar da ko sallama ba za ta iya aikawa ba.

Ya zauna a kan buhu ya buɗe kwamfutarsa, ya duba rubutun shafin. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Shafin yana tura saƙo, kuma a take yake kunna kore, bai damu ko amsa ta dawo ba. Saurin da Mutawakilu ke tinƙaho da shi ke nan. A Salaga saƙo kan isa kafin ƙiftawar ido, shi ya sa asirin bai taɓa tonuwa ba. A Pusiga kuwa saƙon kan mutu a hanya, kore na nan yana murmushi.

Da ya yi wa Mma Lamisi bayani, ta tafa hannu.

"Ashe ba kai ba ne! Tsaya, mu ɗauki bidiyo mu sa a guruf yanzu-yanzu. Kowa ya ga wanda ya yi."

Ku sa kanku a matsayinsa. Hujja a hannu, mutumin da ya jefa ka cikin wuta yana can yana hura hanci. Ni dai ban san ko da zan iya ba.

Razak ya rufe kwamfutarsa. Ya tuna ɗakinsu na Tamale, ya tuna garin rogon nan da shito.

"Mma, ki ba ni dama in fara ganinsa. Na ɗanɗana abin da guruf ke yi wa mutum, ba na so ya ɗanɗana."

Ta girgiza kai. "Kai yaron nan, zuciyarka ya yi sanyi da yawa. Je ka."

Daga Bawku bai tsaya a gida ba, ya zarce Salaga. Ya sami Mutawakilu a shago shi kaɗai. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce masa ya buɗe shafin a wayarsa, ya kashe data, ya danna.

Kore ya fito.

Mutawakilu ya ƙura wa wayar ido. Ya kunna data, ya kashe, ya sake dannawa, kamar wayar za ta ji kunyarsa ta canza magana. Ya ɗago ya dubi Razak.

"Wa ka nuna wa?"

"Mma Lamisi kaɗai. Ta yi alkawarin yin shiru. Jawo kujera mu gyara."

Suka duƙufa. Suka mayar da koren inda zai jira amsar saba. Suka sa ɗan zobe mai juyawa da kalmar "Jira". Idan amsa ta ƙi zuwa, shafin ya faɗa wa mutum gaskiya: "Bai isa ba, sake dannawa." Nan Razak ya ce shi ma akwai gyara a nasa ɓangaren, don idan mutum ya danna sau biyu saba za ta kama masa wuri biyu. Ya toshe wannan ma.

Har suka gama, Mutawakilu ya kasa haɗa ido da shi. Ko godiya bai iya yi ba.

Ranar taro, rumfar 'yan doya ta cika. Har Mma Lamisi ta biyo lori ta zo. Magajiya ta ce Razak ya yi magana. Ya miƙe ya ce an gano matsalar, tana faruwa ne inda netwok ba shi da ƙarfi, kuma an gyara. Bai ambaci sunan kowa ba.

Wani daga baya ya ɗaga murya. "Dole a gyara mana, tunda an kama ɓarawo!"

Aka yi dariya. Razak ya sunkuyar da kai. Mma Lamisi ta yunƙura za ta tashi, sai ta ga Mutawakilu ya riga ta.

Ya je gaban Magajiya ya miƙa mata wayarsa.

"Magajiya, wannan tsohon shafin ne, na ajiye shi. Ki kashe data da hannunki, ki nuna wa jama'a, sannan ki danna."

Ta kashe, ta ɗaga wayar kowa ya gani, ta danna. Kore ya fito. Kowa ya miƙo wuya yana kallo.

"Wannan koren ƙarya ne," in ji Mutawakilu, "kuma ni na rubuta shi. Na so a ce shafina ya fi na kowa sauri, sai na hana shi jiran amsa. Sunan Mma Lamisi bai taɓa isa wajen Razak ba, balle ya goge shi. Ya ce mu duba tare, na ƙi. Ya je har Pusiga ya gano laifina, ya zo ya same ni a shago ni kaɗai. Yanzu ma kuna ji ana ce masa ɓarawo, ya ƙi faɗin sunana."

Ya juya wajen Mma Lamisi ya durƙusa.

"Mma, albasarki a wuyana take."

Magajiya ta mayar masa da wayarsa. Sannan ta ce wanda ya yi maganar ɓarawo ya fito. Ya fito yana sosa ƙeya, ya ba Razak hannu. Ita ma ta ce, "Ɗana, ka yafe mana. Mu ma ba mu jira amsa ba."

Aikin ya zauna a hannunsu su biyu, bisa sharaɗin da Magajiya ta gindaya: duk sabon gyara, sai Mutawakilu ya je Pusiga da ƙafarsa ya gwada shi a wayar Mma Lamisi. Ya kuma ɗauki nauyin asararta ba tare da an ce masa ya yi ba.

Zuwansu na farko tare suka je. Mma Lamisi ta danna, zoben ya fara juyawa. Ya yi ta juyawa. Mutawakilu ya kasa tsayuwa wuri ɗaya, kunya ta ishe shi.

"Mma, ki yi haƙuri, yanzu yana ɗan jinkiri."

"Bar shi ya juya, ɗana," in ji ta, idonta na kan wayar. "Wannan in ya ce e, e ne."

Sai kore ya fito. Da hantsi lori ya tsaya a gaban buhunanta, Razak da Mutawakilu suka kama buhun farko, ɗaya a kai, ɗaya a gindi.

Darasi: Kada ka ce saƙo ya isa sai amsa ta dawo, kada kuma ka yanke wa mutum hukunci sai ka je ka gani da idonka. Sauri kan haifi nawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan Allah ya nuna maka kuskuren ɗan'uwanka, ka same shi shi kaɗai, ka bar masa ƙofar da zai fito ya faɗi gaskiya da bakinsa. Ku tura wa abokan aikinku wannan labari, musamman wanda kuka san ya cika cewa "ɓangarena lafiya lau."